Kilo 94: yadda aikin dare ya kusa mayar da ni majinyaciya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kebbi. Na kama aiki a 2011, kuma mafi yawan shekarun nan a ɗakin yara na yi su. Sunana da sunan asibitin duk na ajiye su, domin abin da ya same ni ba na asibiti ɗaya ba ne. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan, wata ƙanwarmu ce da ba ta fi shekara 2 da fara aiki ba ta tare ni a baranda ta ce, "Anti, don Allah wane magani kika sha kika rage jiki haka?" Na dube ta, na ga kayan aikinta sun fara kama ta a hammata kamar yadda nawa suka fara a lokacin da nake kamarta. Na ce mata amsar ba ta tsaye ba ce.

A wani ƙauye kusa da Argungu aka haife ni. Babanmu manomin shinkafa ne a fadama, idan ruwa ya ja baya kuma ya ɗauki homa ya tafi su. Ni ce siririyar gidanmu, har Tsinke ake kirana. Cinmu a lokacin bai wuce koko da safe ba, fura da rana, tuwo da miyar kuka da dare, da ɗan busasshen kifi idan an samu. Kafin ki kai ga wannan tuwon kuwa kin yi surfe, kin yi daka, kin ɗebo ruwa, kin kai abinci gona. Ban taɓa jin an ce wata tana neman ramewa ba. Mace mai jiki ita ce wadda mijinta ya iya riƙo, ita ce ake nunawa a gidan biki a ce hutu ya zauna mata.

Da kilo 51 na gama makarantar jinya. Da aka sa ranar aurena a 2012, gwaggona ta zo da kwalba biyu da wasu ƙwayoyi a ƙulle a leda, ta ce amarya ba ta shiga gidan miji kamar karan dawa. Sha-ka-fashe ne. Na san abin da ke ciki, ai na karanta shi: na kwalbar maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci, ƙwayar kuma deksa ce, wadda ke tara wa mutum ruwa, ta kumbura fuska, ta tayar da suga da hawan jini. Ƙwayar na zubar, na kwalbar kuwa na sha, wajen sati 6. Na ƙaru da kilo 7, aka yi ta yaba ni ranar kamu. Kilo 7 ɗin ba su ne suka cuce ni ba. Abin da ya cuce ni shi ne na shiga aure na kuma shiga aiki da tunanin cewa duk abin da ya ƙaru a jikina alheri ne.

Wanda bai taɓa aikin karɓa-karɓa ba ba zai gane yadda yake rikita cin mutum ba. Namu kashi uku ne: na safe daga 8 zuwa 2, na rana daga 2 zuwa 8, na dare daga 8 har 8 na safe. Idan dare ya zagayo kanki, kwana 7 ne a jere kafin ki sami hutu. A na safe kin baro gida da gaggawar shirya yara, ba ki sa komai a baki ba, kuma daga zagayen likitoci sai allurai sai rubutu, sai ki ɗaga kai ki ga azahar. A na rana kina komawa gida bayan isha'i ki ci tuwo malmala biyu ki faɗa gado. Amma na dare shi ne uban tafiyar.

Da damina, daga Yuli har Oktoba, ɗakin yara ba ya numfashi. Maleriya, jijjiga, ƙarancin jini, gudawa. Gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku, iyaye a shimfiɗe a ƙasa. Mu biyu ne a kansu, ranar da Allah ya taimaka mu uku. Ba ki zama sai wajen ƙarfe 1 ko 2 na dare, kuma a daidai lokacin ne wata irin yunwa ke tasowa wadda ba ta jin lallashi. Ba tuwo take so ba, zaƙi da maiƙo take so. Mai shayin bakin asibiti kuwa ba ya tashi. Sai mu haɗa kuɗi mu aiki mai shara: Indomie biyu da ƙwai biyu, burodi, shayi mai kauri wanda cokali ke kusan tsayawa a ciki. Ƙarfe 4, idan ido ya fara rufewa ga alluran asuba na jira, sai lemon kwalba mai sanyi. Na malt na fi so, ina ruɗin kaina wai yana ƙara jini, alhali ni ce ke faɗa wa iyayen yara ba ya ƙara komai sai sukari. Idan an miƙa aiki da safe ga mai masa a bakin ƙofa. In isa gida in tarar da wanki da girkin rana, in kwanta wajen 11, azahar ta tashe ni. Awa 3 na barci, wata rana ko hakan babu.

Ga kuma alherin mutane, wanda ba a iya mayarwa. Wanda aka sallami ɗansa ya kawo soyayyen kifi. 'Yan ɗakin haihuwa su aiko mana da rabonmu na naman suna da cincin da alkaki. Abokiyar aiki ta aurar da ƙanwa, ga dubulan da nakiya a kan teburin rubutu kwana uku, duk wucewa sai hannu ya kai.

Haihuwa uku na yi, kowace ta bar mini nata kason. A cikin na uku, a 2019, aka gano suga ya hau mini, yaron ya zo da kilo 4.2. Likita ta ce mini suga irin na goyon ciki yakan sauka bayan haihuwa, amma mai shi tana cikin haɗarin kamuwa da ciwon na dindindin, don haka in riƙa gwadawa. Na ce to. Na'urar gwajin tana cikin durowar da nake buɗewa sau goma a dare, shekara 4 ban soki yatsana ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Tela ne kawai ya san gaskiyata, don duk shekara sai na ƙara masa yadi.

Akwai abin da har yau nake jin nauyinsa. A ɓangarenmu ake kwantar da yara masu tamowa. Ni ce ke zagaya ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtsen yaro, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, in rubuta shi cikin masu tsanani. Ni ce ke auna musu madarar F-75 a ɗan kofi duk bayan 'yan awanni, ina lissafin kowane mililita. Sai in gama wannan in koma bayan labule in buɗe ledar Indomie. Wata rana na ji wata uwa tana ce wa maƙwabciyar gadonta, "Wagga malama ta ji daɗin duniya." Ba da mugunta ta faɗa ba, yabo ne. A lokacin gwiwoyina ciwo suke, ba na iya zaman tahiya sai na miƙe ƙafa ɗaya, kuma Malam ya fara yi mini tsiyar minshari.

Wani dare a watan Agustan 2023 aka kawo wata yarinya 'yar shekara 3 daga wajen Kalgo, tana jijjiga, tafin hannunta fari fat. Jini take buƙata nan take. Wanda ke kai mana saƙo ɗakin gwaji ba ya nan, ɗakin kuma yana can ƙarshen asibiti. Na ɗauki kwalbar da kaina na ruga. Tafiyar da ba ta fi minti 3 ba ce. Da na dawo na kasa magana, ƙirjina kamar ana daka, ƙeyata tana sara, ina ganin wasu ƙananan taurari. Allurar hannun yarinyar ta goce, ana bukatar sabuwa, kuma a ɗakin an san ni da samun jijiyar da ta gagari kowa. Na kama hannunta, nawa hannun yana rawa. Sau biyu ina soka ina kuskurewa. Abokiyar aikina ta ture ni a hankali ta karɓa. Na zauna a kan benci, sai ga kakar yarinyar, tsohuwar da jikarta ke tsakanin rai da mutuwa, ta matso tana yi mini fifita da gefen mayafinta. Ta ce, "Sannu likita, ke ma ba ki da lahiya."

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Da safe wajen miƙa aiki abokiyar tawa ta tsegunta wa Matiron. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ja kujera ta ce, "Zauna, 'yata," ta ɗaura mini abin awon jini da hannunta. 158 bisa 98. Na ce gajiya ce. Ta ce to, mu gani bayan kin huta. Sau uku aka sake a ranaku daban-daban, bai taɓa sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba. Sugan safe kafin karyawa 6.6; daga 5.6 zuwa 6.9 ana bakin ƙofa ne, 7 kuwa an shiga gida. Na hau sikeli: kilo 94, a tsawon mita 1.60. Lissafin nauyi da tsawo da muke kira BMI ya ba da 36.7, alhali daga 30 ake kiran ƙiba ciwo. Ƙuguna santimita 104, alhali ga mace haɗarin yana ƙaruwa sosai tun daga 88. Likita ya rubuta mini amlodifin, maganin hawan jini. Na karɓo ƙwayar na ɓoye ta a ƙasan jaka kamar kayan sata, na shiga ban-ɗakin ma'aikata na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba. Shi ma shanyewar ɓarin jiki ce ta ɗauke shi, kuma ni na yi jinyarsa. Na san abin da ke ƙarshen hanyar nan, na san warin ɗakin.

Da na ce daga ranar na gyaru, da na yi ƙarya. Gajeriyar hanya na fara nema. A wani zauren WhatsApp na mata ana tallar shayin rage tumbi, ga hotunan da da yanzu. Na tura kuɗi aka aiko mini daga Kano ta tasha. Kurɓar farko na gane ɗanɗanon, filasko ne, irin wanda Inna ke dafa mana idan ciki ya ƙi tafiya. Duk da haka na ci gaba. Kwana 10 na sauke kilo 3, ina ta murna, alhali na san ruwa ne ke fita, kitse yana nan inda yake. Ranar da na gane wautata, ina tsakiyar ba yaro magani ta hanci cikina ya murɗa, na bar sirinji a hannun uwar na ruga. Sau biyar a daren. Da asuba ƙwaurina ya ɗaure, zuciyata tana tsallen bugu, alamar gishirin jiki ya zube. Hausawa na cewa garin neman ƙiba a samo rama. Ni garin neman rama na kusa samo gado. Na zubar da sauran a kwata, cikin sati biyu kilo 3 suka dawo da abinsu.

Sai na koma horon yunwa. In wuni ba ci, ina jin kaina jaruma, ƙarfe 2 na dare ya yi in ci na mutum biyu in kuma bi da jin haushin kaina. Azumin 2024, da ya kama a watan Maris, na sa masa rai ƙwarai. Amma zafin Birnin Kebbi a wannan lokaci ya wuce digiri 40, ana kiran sallah ba abin da nake so sai zoɓo da kunun aya masu ƙanƙara da sukari, kofi bayan kofi, ga ƙosai, ga doya da ƙwai, ga kunu. Bayan sallah sikeli ya ce 95. A watan da na wuni 30 ban ci ba.

Abin da ya juya al'amarin ba shi da wani armashi. Ina rubuta rahoton dare, sai na lura yaron da ke gado na shida na san duk abin da ya shiga cikinsa da abin da ya fita cikin awa 24, na san awa nawa ya yi barci, amma ni ban san nawa ba. Na sayi ɗan littafi na buɗe wa kaina fayil. Sati biyu ban canza komai ba, rubutu kawai nake: ƙarfe nawa, me na ci, awa nawa na kwanta. Da na zauna na duba, abu biyu suka fito fili. Ɓarnar ba a tukunyar gidana take ba, tsakanin 12 na dare da 5 na asuba take. Kuma duk ranar da barcina bai kai awa 4 ba, daren ranar ne na fi ci.

Na kai wa likitar da ke duba masu suga littafin. Ta tuna mini karatun da na bari a aji. Idan barci ya gaza, sinadarin da ke tayar da yunwa yana ƙaruwa a jini, wanda ke ce wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi kuma yana raguwa, shi ya sa yunwar dare ba ta da kunya. Sannan jiki yana da agogonsa. Cikin dare ba ya amsa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, kamar da rana, don haka burodin da za ki ci ƙarfe 2 na dare ya fi daɗewa yana yawo a jini a kan wanda kika ci da hantsi. Sai ta tambaye ni kilo nawa nake son komawa. Na ce ko 60. Ta yi dariya ta ce akwai babban binciken da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, kan mutane irina da ke bakin ƙofar ciwon suga: waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ta ce, "Sista, naki bai kai kilo 7 ba. Ki samo mini su a wata 6, sauran ma yi magana." Ranar na fita da sauƙin zuciya. Da dutsen kilo 35 nake kallo, shi ya sa nake ta neman tsani a wurin masu shayi.

Da barci na fara, kuma shi ya fi wuya, don ba ni kaɗai ke da shi ba. Macen aure a garinmu da ke kwance da hantsi, ko dai ba ta da lafiya ko raguwa ce. Baƙi ba sa sanarwa, almajirai na sallama, injin markaɗen maƙwabta yana yi, ga zafi ga rashin wuta. Na sami Malam bayan isha'i na ajiye masa littafin da kwalin amlodifin ɗin da wata takwas ke nan ina sha bai sani ba. Ya daɗe yana juya kwalin. Ya ce, "Yanzu ke da kike kwana kan 'ya'yan wasu, wannan ne kika kasa faɗa mini?" Daga ranar, satin da nake dare shi ke kai yara makaranta. Muka ɗauko 'yar yayata tana riƙe girkin rana. Na sa labule mai kauri, muka yi adashe aka sayi fanka mai aiki da sola, waya kuma a kashe. Ina kwanciya 9 da rabi, in tashi in yi azahar, in sake kishingiɗa zuwa la'asar. Awa 5 zuwa 6 nake haɗawa. An yi gunaguni a dangi cewa yanzu sai an nemi izini kafin a je gidan Sista. Na ji, na haɗiye.

Abinci kuwa, babban canjin na lokaci ne. Satin dare, ina cin abincina na sosai kafin magariba, a gida, a zaune. Sannan in tafi da ƙaramar kula: dafaffen wake ko ƙwai biyu, kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli, yalo ko gurji, gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, da gorar ruwa babba. Wajen 12 zuwa 1 nake ci, daga nan sai ruwa. Shayi ɗaya nake sha a farkon dare, ba madara, sukari rabin cokali, kuma ba na ƙarawa bayan ƙarfe 2 don kada ya bi ni gida ya hana ni barci. Da safe koko ba sukari da ƙosai uku, don kwanciya da yunwa ma tana tashin mutum. Lemon kwalba shi na yi wa saki uku. Babbar roba ta santilita 50 tana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12, wato gaba ɗaya iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum a wuni. Ni kuwa biyu nake sha a dare. Satin farko da na daina, ciwon kai da ƙunci suka sa har abokan aiki suna kaffa-kaffa da ni.

Shinkafa ce ban iya saki ba, kuma ban yi niyya ba. Mutumin Kabi da shinkafa sai Allah. Abin da na yi, malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta fi tuwo yawa, kuma tuwon dawa da na gero suka dawo gidana bayan na daɗe ina yi musu kallon abincin ƙauye. Faranti na raba shi a ido: rabi ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata kifi ko wake. Kifi gasashshe ko a miya maimakon soyayye. Mai da nake tuttulawa daga galan na koma aunawa da cokali. Dunƙule huɗu a tukunya ya koma ɗaya, daddawa ta cike gurbin, saboda gishirin da aka yarda mutum ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, ƙasa da cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Yara sun yi bore na sati biyu suka saba. Masu cewa cin lafiya sai mai kuɗi, ina jin su, musamman yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma ni ban sayi tuffa ko wani garin Turawa ba. Zogale a bayan ɗakina yake, kuma kuɗin da mai shayi ke karɓa a hannuna a dare 7 ya fi kuɗin kwanon wake.

Motsa jiki, ba zan yi ƙarya ba, shi ne rauni na har yau. Maza suna zuwa filin wasa na Haliru Abdu su yi gudu, amma matar aure mai 'ya'ya uku ta fito titi da sassarfa, kafin ta dawo labari ya riga ta gida. Kuma na daɗe ina ce wa kaina ai tsayuwar aiki ma motsa jiki ce. Ba ita ba ce; tsayuwa gajiya take kawowa, ba ta sa zuciya gudu. Abin da na iya: ranar aikin safe ina sauka daga kabu-kabu tun daga nesa in ƙarasa da ƙafa, minti 15, haka ma dawowa. Ranar hutu ina zagaya tsakar gida bayan asuba ina lazimi, da sauri har in ji gumi. Da hunturu abin yana tafiya, da bazara kuwa sau da yawa ina fashi.

Wata 6 suka cika na sauke kilo 8, sai wata jarabawar ta taso daga inda ban zata ba. Hajiya, mahaifiyar Malam, ta kira shi gefe ta tambaye shi abin da yake yi mini. A gidan suna na ji ana raɗa, wasu na cewa kishiya za a yi mini, wata ma ta ce ai masu aikin asibiti suna kwasar ciwo. Da na je gida, Inna ta kama damtsena tana jinjinawa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ɗiyata, mi ka damunki? In wani abu na, ki hwaɗa min." Na ce, "Inna, ciwon Baba nake gudu." Ta yi shiru. Da zan tafi ta ƙullo mini busasshen zogale da kuka da daddawa, ba ta sa man shanun da ta saba sa mini ba. Ba mu sake maganar ba.

Na kuma faɗi. Daminar 2025 ta same mu da ƙarancin hannu, don cikin waɗanda muka fara aiki tare wasu sun tafi Saudiyya, wasu Ingila, wasu sun koma ƙungiyoyin agaji. Akwai daren da ni kaɗai ce ƙwararriya a kan yara fiye da 30, da ɗaliba ɗaya. Hutun bayan dare ya zama ana kiranki ki cike gurbi. Barci ya rushe, kula ta daina zuwa, na koma wurin mai shayi kamar ban taɓa barinsa ba, har ya ce, "Hajiya, kwana biyu." Kilo 4 suka dawo cikin wata 3. A nan ne na yarda cewa ba komai ne ke hannun ma'aikaciya ba. A yi ta ce mana mu kula da kanmu, alhali babu wurin da za a sami abinci mai kyau cikin dare, babu minti 20 da aka ware a ce na cin abinci ne, babu wadda za ta riƙe miki ɗaki ki zauna. Wannan ba ƙarfin zuciya ke gyara shi ba, ɗaukar ma'aikata ke gyara shi. Abin da na iya a nawa ɓangaren, da ruwa ya ɗauke na sake buɗe littafin daga sabon shafi, ban tsaya zagin kaina ba kamar da. Muka kuma yi yarjejeniya da waɗanda muke dare tare: kowace rana mutum ɗaya ke kawo kula ta kowa. Yin kwaɗon mutum uku sau biyu a sati ya fi sauƙi a kan na mutum ɗaya kullum, kuma kunya ba ta barin ki zo hannu rabbana.

Yau nauyina kilo 80. A lissafi har yanzu ina cikin masu ƙiba, kuma na daina mafarkin Tsinke. Sugan safe na ƙarshe 5.4. Amlodifin ina nan ina sha kullum, likita ta ce kada in kuskura in ajiye don na ga awo ya yi kyau, kuma yanzu a kan madubi yake, ba a ƙasan jaka ba. Ina zaman tahiya da ƙafafuna biyu a naɗe. Ranar 1 ga kowane wata ina hawa sikelin ɗakinmu kafin in ɗora ɗan kowa.

Ita kuwa ƙanwar tamu mai tambayar magani, an haɗa mu dare a satin nan. Daren farko ta aika an sayo mata Indomie, ta ci a gabana tana satar kallona, ban ce mata komai ba. Daren jiya ta sa hannu a kwaɗon ramata, ta ce yaji ya yi kaɗan. Yau ita ce da kawo kula, ta ce ɗanwake za ta yi, na ce ta auna man da cokali. Yanzu ƙarfe 5 ta wuce, tuwon dawata na kan wuta, kuma ban goge kayan aiki ba.